Titin Abuja zuwa Keffi: a ware wa bas hanyarta kafin a sake shafa wa gidaje jan fenti

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka sam mana fili a jaridarka mu yi magana a kan halin da mutanen Nyanya, Karu, Mararaba, Ado da Masaka suke ciki, waɗanda ke kwana a bayan gari su yi sammakon neman hanyar shiga Abuja. Aikinmu tsara birane ne da sha'anin sufuri. Kiranmu ga Ministan Babban Birnin Tarayya da Gwamnan Nasarawa da Ministan Ayyuka shi ne a ware wa manyan motocin bas hanyarsu ta kansu a tsakiyar titin Abuja zuwa Keffi, a damƙa ta a hannun hukuma ɗaya da ɓangarorin suka yarda da ita, kuma kada katafila ta sake taɓa gida ko rumfa a wannan yanki sai an san inda mai shi zai koma da motar da zai hau daga can.

Cunkoson nan yana da asali. An yanke shawarar gina Abuja a 1976, aka fitar da babban tsarin birnin a 1979, gwamnati ta tare a watan Disamba na 1991. Tsarin ya yi hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, da kimanin miliyan uku idan birnin ya cika, ya kuma bar dogayen filaye da suka ratsa gundumomi musamman don motocin haya da jirgin ƙasa. An gina manyan tituna da ofisoshi, amma gidan da masinja da direba da malamin firamare za su iya kama haya bai samu ba. Da aka yi babban rusau tsakanin 2003 da 2007 a wurare irin su Idu-Karmo da Chika, waɗanda aka tasa ba su koma garuruwansu ba, domin abincinsu yana Abuja. Iyaka suka tsallaka, wasu zuwa Mararaba da Masaka a Nasarawa, wasu zuwa Madalla da Suleja a Neja. Kowane ɗaki da aka rushe a kusa ya zama tafiyar kilomita ashirin ko talatin sau biyu a yini. Sannan aka hana acaɓa a cikin birni a 2006, aka hana ƙananan bas-bas shiga tsakiyar gari a 2013, ba tare da an kawo isassun manyan motocin da za su ɗauke lodin ba. Motocin gida masu ɗaukar fasinja a hanya suka cike gurbin, biyu a gaba huɗu a baya, kuma a cikinsu 'yan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja su yi masa fashi a mota, suke sajewa.

Za a ce ai an yi jirgin ƙasa. An yi. An ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar a 2007, Shugaba Buhari ya buɗe shi a watan Yuli na 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, Shugaba Tinubu ya sake ƙaddamar da shi ranar 29 ga Mayu, 2024. Ya ci dala miliyan 823, miliyan 500 daga ciki bashi ne daga bankin Exim na Sin. Tsawonsa kilomita arba'in da 'yan kai, tashoshinsa 12, wato kowace kilomita ta lashe sama da dala miliyan 18. Layin ya taso daga tsakiyar birni ya bi ta Idu zuwa filin jirgin sama, reshe ɗaya kuma ya bi ta Gwagwa, Deidei da Kagini zuwa Gbazango a Kubwa. Duka yamma suka nufa. Kashin da aka zana zai je Nyanya da Karu har yau ba a aza masa ko ƙarfe ɗaya ba. Ko a inda layin ya bi, an gama tashoshi shekaru kafin a yi hanyoyin da za su kai mutum gare su, sawun jirgin a yini kaɗan ne, kuma wanda ya sauka a tsakiyar birni sai ya sake neman mota zuwa Wuse ko Garki ko Sakatariya. Ma'aikaci daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar ofis yake auna tafiya, da sau nawa zai sa hannu a aljihu. Muna son layin dogo ya je gabas, amma wanda ya san tsadarsa da hawan Kugbo ya san aikin zai ɗauki shekaru masu yawa, kuma jama'a ba za su iya jira ba.

Faɗaɗa titi ma an gwada, lissafinsa ne ba ya fita. Layi ɗaya na titi, in babu abin da ya tare shi, yana wuce da ƙananan motoci 1,800 zuwa 2,000 a awa. A ƙarƙashin gadar Nyanya da bakin kasuwar Mararaba kuwa tasi suna lodi da sauke fasinja a kan kwalta, 'yan tebur sun cinye gefen titi, masu adaidaita sahu sun yi sahu biyu, masu tsallakawa suna ratsawa. Titi mai layi huɗu sai ya koma biyu a wurin, kuma komai faɗin bakin mazurari, ƙaramar kafarsa ce ke yanke ruwan da zai wuce. In aka ƙara layi, sauƙin na 'yan watanni ne. Wanda ya ajiye motarsa saboda gosulo zai fito da ita, dillalan filaye su ƙara yanka fuloti a gaba da Masaka suna tallar cewa hanya ta gyaru, titin ya sake cika.

Ga lissafin bas. Doguwar bas mai gaɓa biyu, mai tsawon mita 18, tana ɗaukar mutum 140 har da na tsaye. In ana sakin ɗaya kowane minti, mutum 8,400 ke nan a awa a kan layi ɗaya tak. Kafin tasi mai ɗaukar mutum shida ta kwashe wannan adadi sai an jera 1,400, kowace kuma sai ta tsaya lodi. A ɗauka zangon farko kilomita 25 ne, bas tana yin kilomita 25 a awa har da tsayawa a tashoshi. Zuwa awa ɗaya, dawowa awa ɗaya, juyawa da hutun direba minti goma, jimla minti 130. Bas kowane minti na nufin motoci 130 a kan hanya, a ƙara kashi goma cikin ɗari na waɗanda ke wurin gyara, su zama 143. In kuɗi bai kai ba aka fara da bas kowane minti biyu, 72 sun isa. To a saki waɗannan motoci cikin gosulo a gani. Gudun ya faɗo kilomita 10 a awa, zagaye ɗaya ya koma awa biyar da minti goma, motoci 130 ɗin su riƙa isowa kusan kowane minti biyu da rabi, su ɗauki ƙasa da rabin mutanen, suna ƙona mai a tsaye. Wannan na cikin abin da ya karya manyan motocin da aka sha kawowa Abuja, na AUMTCO, kamfanin bas na hukumar Abuja, da na SURE-P, shirin Gwamnatin Tarayya na rage raɗaɗin ƙarin kuɗin fetur, a 2012. An sayo motoci ba a ba su hanya ba.

Hanyar dole ta zauna a tsakiyar titi, layi ɗaya kowane hannu, faɗin mita uku da rabi. In aka sa ta a gefe, mai shiga gidan mai da mai fitowa daga lungu da mai sauke buhuna a ƙofar shago duk za su ratsa ta. Fenti ba ya tsayar da direba, don haka a raba ta da sauran layuka da shingen kankare wanda ƙaramar mota ba za ta iya hawa ba. A bar ƙofa a shingen bayan kowace 'yan ɗaruruwan mita da za a iya janye bas da ta lalace ta nan, in ba haka ba mota ɗaya da ta mutu za ta tsayar da layin gaba ɗaya. A bar ƙananan kafofi a gindin shingen don ruwan sama ya wuce. Ana yawan mantawa da su, sai ruwa ya kwanta a hanyar bas cikin Agusta. Dokar kuma ta fito ƙarara cewa jerin gwanon manya da motocin jiniya ba sa shiga, in ban da motar asibiti da ta kashe gobara. Ranar da aka ƙyale babban mutum na farko ya shiga, washegari kowa babba ne. Wuraren juyawa na tsakiyar titi duk sai an rufe su tunda suna yanke hanyar bas, a mayar da juyawa ƙarƙashin gadoji ko mahaɗa masu fitilar ba da hannu.

A tashoshi, da kimanin mita 50 kafin su da bayansu, a zuba kankare mai rodi, kaurin santimita 25 ko kusa da haka, a kan ƙasar da aka danne sosai. Kwalta ba ta jure wurin da mota mai nauyin tan 28 take taka birki a kan sawu ɗaya sau ɗaruruwa a yini cikin zafin Maris. Takan lotsa ta yi kwari biyu, man da ke ɗiga ya sassauta ta, damina ta ƙarasa.

Tashar kanta faɗin mita huɗu zuwa biyar, daɓenta daidai da ƙasan bas, don tsoho da mai goyo da mai keken guragu su shiga ba hawa. A biya da kati a ƙofar tasha kafin mota ta iso. A duba bambancin: in kowane fasinja ya ɗauki daƙiƙa uku yana biya a ƙofar mota ɗaya, mutum 40 sun ci minti biyu, bas biyu sun taru a baya. In an riga an biya, ƙofofi uku ko huɗu suka buɗe tare, daƙiƙa 20 zuwa 30 sun isa. Tazarar tashoshi mita 600 zuwa 800 a inda gidaje suka yi yawa, domin mutum ba ya son tafiyar ƙasa da ta wuce minti goma. A Nyanya da Mararaba a ƙara layin wucewa a gefen tasha, don bas da ta cika tun daga Masaka ta zarce ba tsayawa. Su kuma mutanen Nyanya, in ba a ware musu motocin da za su juya a nan su fara lodi babu kowa ciki ba, kullum za su tsaya suna kallon cikakkun motoci na wuce su.

Yadda fasinja zai isa tashar tsakiya shi ne inda aka fi tafka kuskure. Gadojin ƙafa masu matakala, mai ɗauke da kaya da mai juna biyu da tsoho ba sa hawansu, shi ya sa ake ganinsu suna ratsa titi da rai a hannu. Gada mai tsayin mita shida tana son gangare mai sauƙi, hawan mita ɗaya a kowace mita 12, wato mita 72 kowane gefe ban da wuraren hutawa, kuma filin wannan gangare sai an sa shi cikin lissafin ƙasar da za a karɓa tun farko. A sa mata fitila, a hana kasa kaya a kanta. Inda gari ya riga ya haɗiye titin, kamar tsakiyar Mararaba, tsallakawa a ƙasa da fitilar ba da hannu ta fi, ko masu mota za su yi gunaguni.

Garejin kwana da gyara ya kasance wajen Masaka, tunda lodin asuba daga can yake tasowa. In aka ajiye shi a cikin birni, kowace mota sai ta yi kilomita 25 wayam kafin ta ɗauki fasinjan farko. Motoci 143 masu wannan tsawo suna son fili hekta huɗu zuwa biyar, da ramukan duba ƙasan mota, da wurin wanki, da wurin shan mai. A sayi iri ɗaya daga kamfani ɗaya ko biyu, da yarjejeniyar kawo kayan gyara ta shekaru, a horar da makanikai kafin motocin su iso. Jirgin cikin birnin Addis Ababa da aka buɗe a 2015 ya nuna abin da rashin kayan gyara ke yi, inda taragu da yawa suka kwanta tun ba su tsufa ba. In da iskar gas ta CNG za a yi, wadda gwamnati ke turawa tun bayan cire tallafin fetur a 2023, a gina famfon cikawa a cikin garejin, kada bas ta ɓata safiyarta a layin gidan man gari.

Akwai gaskiyar da ba a son faɗa: kuɗin fasinja kaɗai ba zai riƙe wannan hanya ba. Da safe kowa birni ya nufa, da yamma kowa gida. Bas ta shiga maƙil ta dawo kusan wayam, da tsakar rana kuma motoci da yawa suna zaune. Direban da ake biya bisa yawan fasinja zai ƙi tashi sai ya cika, ya ƙi fita bayan isha'i, ya yi tsere da ɗan'uwansa a kan mutum ɗaya. Don haka a biya kamfanonin da ke tuƙa motocin bisa kilomitar da suka yi a kan jadawali, a ci su tara in sun makara ko sun fito da mota mai matsala, kuɗin kati kuma ya shiga asusu ɗaya da hukuma ke riƙe da shi. Giɓin da ya rage a rubuta shi a kasafin kuɗi kowa ya gani, Abuja da Nasarawa su raba bisa ƙa'idar da suka sa wa hannu. Tallafin da ba a rubuta ba shi ake daina biya a shekara ta biyu, daga nan a fara kwance wannan mota ana gyara waccan.

Direbobin da ke kan hanyar yanzu, da 'yan kamasho, da ƙungiyoyinsu na NURTW da RTEAN, sanarwa ba za ta kawar da su ba, kuma bai ma kamata ba. Legas ta fara tata hanyar bas a watan Maris na 2008, kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS, a kan kimanin dala miliyan 1.7 kowace kilomita, kuma ƙungiyar haɗin kai ta 'yan NURTW ce ta fara tuƙa motocin da bashin banki. Daga baya gyara ya gagara har aka sauya hannu, amma jawo su ciki ne ya sa aikin ya tashi lami lafiya. A nan ma a ba su hannun jari, a ɗauki direbobinsu bayan horo da gwajin ido, ƙananan motoci da adaidaita sahu kuma su riƙe aikin kawo mutane daga cikin unguwanni zuwa tasha, da wurin tsayawa da aka gina musu a bayan titi.

Duk wannan ba zai yiwu ba muddin hanya ɗaya tana da iyayen gida uku. Titin na Gwamnatin Tarayya ne ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka. Kugbo da Nyanya na Abuja, daga Mararaba zuwa Keffi na Nasarawa. Ikon jami'in duba motoci na Abuja ya ƙare a iyaka, hukumar rijistar filaye a Abuja AGIS ce, a Nasarawa NAGIS. Tashoshin mota da aka buɗe a Kugbo da Mabushi a 2025 abin a yaba ne, sai dai tafiyar mutumin Masaka ba a Kugbo take farawa ba. Hanyar bas da ta tsaya a Nyanya za ta tara dubban mutane a iyaka su sauka su sake kokawar hawa wata. Legas tana da hukumar sufuri ta LAMATA tun farkon shekarun 2000, kuma jan layin jirginta da ya fara aiki a 2024 daga Agbado ta Jihar Ogun yake tasowa, ashe tsallaka iyakar jiha ba abu ne da ya gagara ba. Hukumar da muke nema a kafa ta da dokar Majalisar Tarayya da ta Majalisar Dokokin Nasarawa, a ba ta ikon lasisin hanya, da yanke kuɗin mota, da kati ɗaya da zai yi aiki a bas da jirgi, da ikon kama duk wanda ya shiga hanyar. A ajiye wa Neja kujera, domin gobe maganar Suleja da Madalla ce.

Sai maganar rusau, wadda ta fi damunmu. Aikin nan ba zai yiwu ba sai an taɓa wasu gine-gine, musamman wajen tashoshi da gangaren gadoji da wuraren tsayawar ƙananan motoci. Yadda aka saba yi ne ke jawo masifa: a shafa jan fenti ranar Litinin, katafila ta zo kafin wata ya ƙare, a fara maganar diyya bayan ƙura ta lafa. Abin da ya dace shi ne masu safiyo su fara auna iyakar hanya su kafa turakun siminti kowace mita 50 inda kowa zai gani, a liƙa taswirar a fadar hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma, a shigar da ita rijistar AGIS da NAGIS, don a daina sayar wa bayin Allah fuloti a kan hanya. Daga nan a sanar da ranar rufe ƙidaya, a bi gida-gida da rumfa-rumfa a rubuta mai gini da 'yan haya da masu sana'a, da hoto da ma'aunin kowane gini. Wanda ya kafa wani abu bayan wannan rana ba shi da komai, kuma wannan ne ke kare kuɗin diyya daga masu haɗa ɗakin langa-langa cikin dare. A liƙa sunayen kwana 30 don gyara da ƙorafi, da ofishin karɓar ƙorafi a cikin unguwar, kada a ce wa tsohuwa ta tafi Lafiya ko Garki.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamnati ikon karɓe fili don amfanin jama'a, amma diyyar da ta tanada ta gini ce da shuka, ban da darajar ƙasar kanta, kuma ana rage kuɗin tsufan gini. Mai gidan da ya shekara ashirin sai a ba shi abin da ba zai sayi bulo da kwanon da zai maye shi ba. Ɗan haya kuwa, wanda ya cika Nyanya da Mararaba, wanda sau da yawa ya biya kuɗin shekara gaba ɗaya, dokar ba ta tanadar masa komai ba. Ƙa'idar da Bankin Duniya ke gindayawa a ayyukan da yake ba da bashi ta fi adalci, kuma ba sai an ci bashinsa ake iya ɗaukarta ba: a biya cikakken kuɗin sake gini a farashin yau babu ragi, a ba ɗan haya da marar takarda tallafin ƙaura, a biya mai sana'a asarar kwanakin da bai buɗe ba, kuma kuɗi ya shiga hannu kafin a rushe. Ƙimar da ta shekara ba a biya ba a sake ta, domin farashin siminti ba ya jiran takardar ofis. Al'ummar Gbagyi da sauran 'yan asalin wurin, waɗanda aka sha tasa tun kafuwar birnin, nasu ya haɗa da gonaki da maƙabartu, kuma irin wannan sai an zauna da su a garinsu.

Inda za a mayar da mutane ma lissafin sufuri ne. Fuloti a daji mai nisan kilomita goma sha biyar, babu ruwa babu makaranta babu mota, mai shi zai sayar ya dawo ya kama ɗaki a bakin rafi. A nema musu wuri cikin tafiyar ƙasa daga wata tashar sabuwar hanyar. 'Yan tebur kuma suna bakin titi ne saboda nan ƙafa take bi. Kasuwar da aka gina musu a bayan gari, ko a bene na biyu na wani gini, za ta zauna wayam su dawo kwalta. A zana rumfunansu cikin tsarin tashar, a kan hanyar da fasinja ke bi daga inda adaidaita sahu ta sauke shi zuwa gada, rumfa mita biyu da biyu, haya ta wata-wata, da sunan wanda aka ƙidaya a kan takardar don kada masu hali su saye su. A gama rumfunan kafin a tashi kowa.

Lokacin aikin kansa, kafin a zuba kankare a haƙa ramukan gwaji a gano bututun ruwa da wayoyin sadarwa na ƙarƙashin ƙasa, a matsar da su da turakun lantarki. A gina magudanai cikin rani, a faro daga inda ruwan zai faɗa rafi a hauro. A yi aikin zango-zango, kilomita biyu ko uku a lokaci guda, kada a farke hanyar gaba ɗaya. Hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka ba da kwangilarta tun 2011 ta shafe fiye da shekara goma ba a gama ba, a tabbatar ta buɗe kafin a rufe ko layi ɗaya a Nyanya. Manyan motocin kaya kuma, bayan mummunan haɗari da gobarar da aka gani kusa da gadar Karu a watan Maris na 2025, a hana su gangaren Kugbo a lokutan cunkoso, amma a gina musu filin jira a ɓangarorin biyu mai wurin duba birki, in ba haka ba a gefen titin za su jeru.

Ranar da aka bayyana wuraren tashoshi, farashin fili a kewayensu zai tashi, kuma waɗanda suka fara jin labari ne za su ci ribar. A dakatar da rabon filayen gwamnati cikin mita 500 daga kowace tasha kafin sanarwa. A halatta bene hawa huɗu a wannan da'ira, shaguna a ƙasa ɗakuna a sama, kuɗin ƙasa da ke fitowa ya shiga asusun hukumar. Sharaɗinsa ruwan famfo da bututun kwashe ƙazanta su riga bene zuwa. Unguwar da ke shan rijiyar burtsatse da ruwan 'yan garuwa, ramin masai yana gefen rijiya, in aka ɗora mata hawa huɗu kwalara aka gayyato. A kuma mayar da wasu ofisoshin gwamnati da rumbunan kaya gabas, don bas mai dawowa da safe ta sami fasinja. Senegal ta yi irin haka da ta kai wasu ma'aikatu sabon birnin Diamniadio, ta haɗa shi da Dakar da jirgin da ya fara aiki a ƙarshen 2021.

Abin da za a iya farawa yanzu ba tare da jiran bashi ba shi ne ƙidaya. A tsayar da masu ƙirga a Kugbo, da iyakar Nyanya da Mararaba, da Masaka, daga ƙarfe biyar na asuba zuwa goma na dare, mako guda cur har da Juma'a da Lahadi. Su ƙirga motoci iri-iri da mutanen da ke ciki kowane kwata na awa, su tambayi fasinja ɗaya cikin ashirin inda ya fito, inda za shi, motoci nawa ya hau, nawa ya biya. Ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi da na Jami'ar Abuja za su iya aikin in an horar da su aka biya su. A buga sakamakon kowa ya gani. Shi zai nuna ko motoci 72 za a saya ko 143, da inda za a sa tashoshin juyawa. In ya nuna masu shiga birni ta Kugbo a awa mafi cunkoso sun haura 15,000, to layin bas ɗaya ba zai ɗauke su duka ba, sai an sa layin wucewa a kowace tasha, kuma masu safiyon da za su kafa turakun hanyar bas su kafa na layin dogon Nyanya da Karu a fita ɗaya, tun kafin a gine filin.

Mun gode da filin da ka ba mu. Wassalam.

Wasu masu aikin tsara birane da sufuri,
Abuja.